Nafi'u da Akuyar Habbanaye

Nafi'u taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata, don haka tun ranar da aka raɗa masa suna al'ada ta ba ni izinin zaginsa, ba mai kai ni ƙara. Da can in na zage shi yakan rama, mu yi dariya. Yanzu zagin ya daina ba ni dariya. Shi yana Yamai cikin biro, ofis mai sanyi, ana ce masa Mushe Nafi'u da faransanci, ni kuwa ina nan Dakoro ina koyar da ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko, kuma duk ƙarshen satin da na je gida na tarar da Inna zaune ita kaɗai a gindin rumbu sai raina ya sake ɓaci.

Garinmu Gidan Mamani ne, a karkarar Rumbu. Uwar Nafi'u ta rasu yana goye, ubansa ya tafi ci-rani kudu bai ƙara waiwayowa ba. Innata Dela ta ɗauke shi, alhali nononta ya daɗe da ƙafewa, don ni autarta lokacin har na fara bin ta rijiya da ɗan tulu. Yaro ya yi ta kuka, ko kunu aka ɗura masa ba ya zama. Labari ya kai Garin Yazidu, inda ƙawar Inna take aure. Sunanta Uwale, daga Buzayen nan da kakanninsu suka gangaro daga arewa suka kama noma. Ba ta tsaya aiko da jaje ba. Da hantsi sai ga ta da ƙafarta tana jan akuya mai nono, ta ɗaure ta a turken Inna ta ce, "Habbanaye."

Kalmar ta Fulani ce, amma a wajenmu Bahaushe da Buzu kowa ya san ta. Ka ba wanda ka amince da shi dabba mace, ta zauna gidansa ta haihu, ya sha nono, ya riƙe ƴaƴan, sannan ya maido maka da uwar. Ba a rubutawa, ba a kiran shaidu. Abu ɗaya ne ba a yi: ba a maido dabba kafin ta haihu. Wanda ya yi haka ya faɗa maka ke nan ba ya son alherinka, ba ya kuma son ka ƙara taka masa gida. Da nonon wannan akuya Nafi'u ya yi ƙashi, kuma duk garin an sani, har yara suna tsokanarsa da ɗan akuyar Uwale.

Ba laifi, yaron yana da kai. Ya yi lakwal a Dakoro, ya wuce Maradi, ya dawo da digiri a kan nazarin zaman jama'a. Mu dai ba mu ga inda ya ƙara sanin jama'a ba, sai dai ya koyi sa hannu a aljihu in yana gaida manya. Ya yi shekaru yana zaman fada, yana dafa wa abokai shayi, yana bin ƙofofin foroje, wato ayyukan ƙungiyoyin agaji, da takardunsa cikin jakar leda. Duk wannan lokacin geron Inna yake ci, ni nake kawo masa a kan moto.

Sai Allah ya kawo wata ƙungiya ta ƙasashen waje da forojen raba wa mata awaki, suka ɗauke shi. Aikin yana da dogon suna da faransanci, wai mataimakin masu bincike. Mu mai anketi muka san shi, wato mai bi gida-gida yana tambayoyi. Masu binciken suna can ƙasarsu, ba a ganinsu sai a fuskar na'ura, shi ne ƙafarsu, shi ne bakinsu. Aka ba shi riga mai aljihu ko'ina, da tabilet, wato allon gilashin nan da ake latsawa, da kujera a gaban mota kat-kat. Ka ga Nafi'u ya sauko daga motar nan, ka rantse shi ya ƙera ta. Abin da ya fi ba ni haushi, a ƙofar motar da bayan rigarsa an rubuta HABBANAYE da manyan baƙaƙe, don wai a kan al'adarmu suka gina forojen.

Ga yadda binciken yake. Za a ba wasu garuruwa awaki, a hana wasu, a yi ta auna su duka har ƙarshe, a ga ko mai akuya ya fi marar akuya. Wannan ita ce tambayar da aka ƙetaro teku don a amsa. Da sun tsaya tasha sun tambayi mai sayar da fura da ta faɗa musu kyauta. Garin da aka hana shi ake kira garin shaida: ba akuya, ba dusa, sai tambaya. An dai yi alkawarin in an gama su ma za a ba su.

An tara masu gari a mazaunin magajin gari aka yi ƙuri'a cikin bokiti, Nafi'u ne ma ya riƙe bokitin. Mai garinmu, tsoho Na'Allah, ya yi bisimilla ya sa hannu ya zaro farar takarda. Mai Garin Yazidu ya zaro mai hoton akuya. Na'Allah ya dubi Nafi'u yana jiran ɗan gari ya ce wani abu, Nafi'u ya ɗauke kai kamar bai taɓa ganinsa ba. Daga baya na gane dalili. Dokar aikinsu ta hana mutum yi wa danginsa anketi, shi kuwa a takardunsa ya rubuta ɗan cikin garin Dakoro ne. Bai taɓa faɗa wa biro cewa cibiyarsa a Gidan Mamani take binne ba.

Ina gida ranar anketin farko. Inna ta ji motar ɗanta ta iso, ta dama fura da nonon da ta sayo, ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Ya shigo da shofer, direbansu, a bayansa, ya zauna ya buɗe tabilet.

"Madam Dela," in ji shi.

Inna ta waiwaya bayanta ta ga ko wata ce ta shigo. "Wa ka ke kira Madam? Ni da na wanke maka kashi?"

Ya yi mata ido, ya rage murya. "Gwaggo, aiki na. Ki amsa kawai."

Ta amsa. Sau nawa kika ci nama cikin satin nan? Ƙwai fa? Tukwane nawa gare ki? Mutumin da zai iya lissafa tukwanen gidan nan ido rufe, har da wadda ya fasa yana yaro. Furar ma bai sha ba, wai an hana su karɓar komai daga hannun wanda ake tambaya. Inna tana ta dariya, ita wasa ta ɗauki abin. Can sai ya zo kan wata tambaya: in matsala ta same ki yau, ban da ƴaƴan cikinki, mutum nawa za ki iya zuwa wurinsu su taimake ki?

"Uwale guda," in ji Inna ba ta ko yi tunani ba. "Kai kuma ban san inda za ni sa ka ba. Ba cikina ka hito ba, amma bayana ka girma. Sa biyu."

Ya latsa biyu, ya wuce.

Daminar da ta biyo ba ta yi kyau ba, ciyawa ta ƙare da wuri, cuta kuma ta shiga awakin garinmu. Na Inna suka tafi ɗaya bayan ɗaya, turke ya zama wofi. A Garin Yazidu kuwa foroje ya sauke jajayen awakin Maradi, kowace da ɗan kunne rawaya mai lamba. Uwale ta samu uku. An sa su dangwala yatsa cewa akuya ba za ta bar gari ba sai an gama bincike, ta dangwala kamar kowa. Amma ita da aka ce mata habbanaye, habbanaye ta ji. Da ta samu labarin turken ƙawarta, ta zaɓi wadda ta ɗauki ciki, ta ja ta da ƙafa kamar wancan karon, ga tsufa ga ciwon gwiwa. Ta ɗaure ta a turken Inna, suka zauna suka ci goro, suka yi gulmar surukai har la'asar.

Na daɗe ban ga Inna cikin farin ciki kamar lokacin ba. Ta tuƙa wa akuyar sabuwar igiya ta kaba, tana tsinto mata ƴaƴan gawo a bakin zanenta, tana taɓa cikinta tana lissafin ko tagwaye ne. Ba nonon ne ya dame ta ba. Ta fi jin daɗin a ce duk garin nan da foroje ya tsallake, ita tana da wadda ba ta tsallake ta ba.

Ana haka anketin tsakiya ya zo. Ba na nan, amma shofer ɗin, Badaru, maƙwabcina ne a Dakoro, kuma bakinsa ba ya riƙe ruwa. Ya ce suna shiga gidan Nafi'u ya hango ɗan kunne rawaya, ya tsaya cak.

"Gwaggo, akuyar ga ta wa?"

"Ta Uwale. Habbanaye, irin wanda ka sha."

"Ta foroje ta! Ba ta kamata ta kwana garin ga ba."

Inna ta ce to bari ta ɗaure ta bayan rumbu har ya gama tambayarsa, ido bai gani ba ai shi ke nan. Badaru ma ya sa baki ya ce, "Mushe, ni ban ga komi ba." Rijiya ta bayar, guga ya hana. Lokacin ana neman wanda za a ɗaga ya zama shugaban masu anketi, Nafi'u kuwa ya ƙwallafa rai. Ga kuma tsoron kada wani ya gano akuyar, a bi sawu a tarar gidan gwaggonsa ne, a ce shi ya shirya. Ya ɗaga tabilet ya ɗauki hoton kunnen akuya.

A biro aka yi zama na musamman a kan akuya ɗaya. Babbar mai binciken ta fito a fuskar na'ura daga ƙasarsu, ta yaba masa, ta ce irinsa ake nema, masu tsare gaskiyar aiki. Wai akuyar ta gurɓata garin shaida. A garin da mata ke rage tuwo don gero ya kai damina, akuya mai ciki ce ƙazanta. Aka yanke a maida ta inda ta fito, kuma tunda Uwale ta karya sharaɗi, komiten garinsu ya karɓe sauran biyun ya ba ta gaba a layi. Aka ce wa zai je? Nafi'u ya fi mai kora shafawa, ya ɗaga hannu.

Da ya zo ɗaukarta, Inna ta tsaya tsakaninsa da turke. Ta ce masa ya ji tsoron Allah, saura kaɗan ta haihu, ya bari ta sauka ko ita da kanta za ta kai ta. Ta tuna masa abin da ake nufi in aka maida dabba da ciki, ko da yake ba ya bukatar tuni. Sai ya kama ta inda ya san tana da rauni.

"Gwaggo, in ban kai ta ba yau, korata za a yi. Kina so in koma zaman hwada?"

Inna ta kauce daga gabansa. Sannan ta duƙa ta kwance igiyar da hannunta ta miƙa masa.

Badaru ya ce sun isa Garin Yazidu ana tsakiyar sussuka, mata cike da fili. Aka sauke akuyar daga bayan kat-kat, cikinta har ƙasa, da sabuwar igiyar kaba a wuyanta. Matan suka ajiye taɓare. Uwale ta fito ta dubi akuyar, ta dubi yaron da ta taɓa tsoma wa yatsa a nono ta sa masa a baki.

"Nafi'u, Dela ta ce a maido?"

Kalma ɗaya ta isa: a'a. Amma ƴan komite suna tsaye, ga wani daga biro da ya biyo su, in ya buɗe baki za a gane ya san gidan. Sai ya dubi tabilet ya ce, "An dai maido, Madam." Sannan ya karanta mata hukunci, aka shiga gidanta aka kwance sauran biyun a gaban matan gari, aka ce ta ci amanar foroje.

Da na ji, ban ko cire alli daga hannuna ba na nufi bironsu. Na same shi a sabuwar kujera mai juyawa, an riga an ɗaga shi.

"Nafi'u, nonon wa ka sha?"

"Hamdiya, ba ki gane ba. In garin shaida ya gurɓata, aikin duka ya lalace. In anka gama lahiya lau, garin duka za ya samu awaki, ba Gwaggo ɗai ba. Kimiyya ta."

"Na ji kimiyya. Tashi mu tahi ka hwaɗa ma Uwale ba Inna ta aiko ka ba."

Ya dubi ƙofa, ya rage murya. "In na koma can za a san ni ɗan gidan na. Bari a gama tukuna."

Na kira shi butulu, na kira shi ɗan akuyar da ya tunkuyi uwarsa, na ƙara da wasu da ba za su rubutu ba. Da a da ne da ya rama. Ranar sai ya ce in yi haƙuri yana da taro.

Inna ba ta jira a gama ba. Zumunci a ƙafa yake, ta ɗaura zane ta tafi Garin Yazidu. Ita da ke wucewa kai tsaye ta hau gadon Uwale ta miƙe ƙafa, ranar a ƙofar gida aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo mata ruwa a kwanon baƙi. Ta faɗi duk yadda aka yi, har da kuka. Uwale ta saurara ba ta katse ta ba.

"Na ji, Dela. Abu guda ni ka tambayarki. Igiyar ba yanke ta anka yi ba. Wa ya kwance ta?"

Inna ba ta iya ƙarya ba. Ta ce, "Ni."

"Tau. Ki gaida gida."

Bayan girbi Uwale ta aurar da jikanta. Tun suna ƴan mata ba a taɓa buki a gidan ɗaya ba sai ɗayar ce ke riƙe da ludayi. Wannan karon goron gayyata ya zaga Gidan Mamani, har gidan da ke jikin danganmu ya shiga, bai shigo namu ba. Ranar bukin Inna ta yi wanka ta sa zanenta mai kyau, ta zauna a gindin rumbu wai ko za a aiko. Ana jin kiɗan daga nesa in iska ta juyo. Da rana ta yi sanyi ta tashi ta cire zanen ta ninke.

Binciken ya ƙare, an tara manya a otel a Maradi an ci kaji, an nuna cewa mai akuya ta fi marar akuya. An kuma gano cewa zumunci ya ragu a garuruwan shaida, abin da ya nuna amfanin foroje. Uwale an riga an cire ta daga lissafi, ba wanda ya tambaye ta nata zumuncin. Awakin da aka yi wa garinmu alkawari kuwa, an ce kuɗin zagaye na biyu bai fito ba, tsoho Na'Allah ya rasu yana jira. Nafi'u ya samu takardar yabo da kujera a Yamai.

Amma ni ba taron otel nake tunawa ba, anketin ƙarshe nake tunawa, don ina zaune. Ya zo da kansa ko da yake yanzu yana da yaran aiki, ina jin ya ɗauka zuwan zai wanke wani abu. Inna ta shimfiɗa masa tabarma. Ba ta dama fura ba, tunda an hana su sha. Ya yi ta tambaya tana amsawa a gajarce, ba dariya, idonta a kan turke. Nama? A'a. Ƙwai? A'a. Na ga lokacin da ya iso wurin, don yatsansa ya tsaya. Ya karanta da sauri kamar mai haɗiyar magani: in matsala ta same ki yau, ban da ƴaƴan cikinki, mutum nawa za ki iya zuwa wurinsu?

"Sa babu."

"Gwaggo, wancan karon biyu kinka ce."

"Wancan karon ke nan."

Ya ɗago kai daga tabilet. Sannan da wata ƙaramar murya, irin wadda yake roƙon ƙanzo da ita yana yaro, ya ce, "Ni hwa?"

Inna ta juyo ta dube shi, ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi sauƙi.

"Kai ai mai tambaya na."

Na'urar ba ta wucewa gaba sai an sa mata lamba. Na zuba masa ido, ina cewa a raina yau dai zai ajiye gilashin nan ya faɗi a ƙafarta, ya ce tashi mu tafi Garin Yazidu. Wallahi da ya yi da na yafe masa rabi. Bai yi ba. Sai ya latsa sifiri, ya gyara murya, ya karanta ta gaba.

"Awaki nawa gare ki?"